Idon Mahaifiyarku na Hagu

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ina wannan rubutu da hankalina garau, hannu ne kawai yake rawa, ido kuma ya yi hazo. Likita ya yi ta kwana-kwana, amma na gane. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, zanen mahaifiyarku ne.

Ɗaya. Shago, teburin zane da fensirorina na Babba ne, shi ya gaji hannuna. Keken ɗinkin marigayiya na Auta ne. Sauran a raba yadda addini ya tsara.

Biyu. Zanen naku ne ku duka. Kun san ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ni kaɗai ta zauna wa, tana mita wai wuyanta ya sage. In takardar nan ta lalace, fuskarta ta tafi ke nan. Ni kaina in na rufe ido ina nemanta, ɗankwali nake gani da kunnuwa, tsakiyar babu komai.

Uku. Babba, ka daina gaba da ƙanwarka. Auta ta cire gilashin da ya rufe zanen ne don ta share ƙura, ta bi da tsumma, idon hagu ya dame har kunci. Garin neman gira aka rasa ido, amma don ƙauna ta yi. Tun ranar ba ta ƙara shiga falon ba.

Huɗu. Gyaran yana wuyanka. Kada ruwa ya taɓa takardar, kada a hura da baki, kada a sa yatsa. Wajen goge dameji na fensir, kilina mai tauri cin takarda take yi. Ɗauki mai laushin nan, ka murza ta ta yi tsini, ka dangwala ka ɗaga, ban ce ka goga ba. Ka sa farar takarda ƙarƙashin tafinka, ka fara da fensir mai tauri, sama-sama. Na san ka da garaje, tun kana yaro kake huda min takardu. Wannan ta tsufa, gyara ɗaya za ta iya ɗauka.

Biyar. Kada ka zana da ka, kada kuma ka kwafi idon dama. Na hagun ya ɗan fi lumshewa, kuma mutum ɗaya ya rage da irinsa a duniya: Auta. Ka zaunar da ita bakin taga, ka dube ta sosai har ka gama. Na gwada da kaina, fensirin ya yi ta rawa a kan fuskar, na janye hannu.

Tsorona kada ku kife zanen a durowa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sallama, har jikokina su tashi ba su san kamannin kakarsu ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe zumunci da hannu biyu. Na kusa iske ta, 'ya'yana, kada ku sa in rasa abin da zan faɗa mata.