Tabulet ɗin da Ke Cikin Gado

Garki, Litinin

Zuwa ga ƙanena Faisal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Mahbuba. Na rubuto maimakon in kira ka ne don har yanzu gidan nan cike yake da dangin marigayi, kuma mai takaba ba ta da lungun da za ta yi waya kunne bai biyo ta ba.

Direba ya kawo saƙo. Amma Faisal, wannan ba tabulet ɗin Baban Abdulrauf ba ce. Tasa bayanta ruwan azurfa ne, wannan ruwan toka mai duhu. Tasa tana da tsaga a kusurwa tun ranar da babur ya kayar da shi a hanyar gona, wannan kuwa sumul take. Gyara na ce ka kai, don kada a zo rabon gado a same ta a mace, a yi mata kuɗin banza, rabon yarana ya ragu. Ban gaya wa kowa na fitar da ita ba, na ɗauka yadda ta tafi haka za ta dawo.

Yaya Gwadabe, wan marigayi, shi ke riƙe da maganar gadon, kuma ya san wayar nan kamar yunwar cikinsa. Ranar Juma'a zai zo da mai yi wa kaya kuɗi. Wallahi tsoro nake ji. Ka yi mini bayani da gaggawa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Lauratu

Yalwawa, Dutse, Laraba

Yaya Lauratu,

Wa'alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya raya abin da ya bari.

Haba Yaya! Na aiko miki da sabuwa fil, ina jiran a sa mini albarka, sai ga tuhuma. Shagon da Malam ya saye ta na kai ta. Suka duba suka ce cikinta ya ƙone, ba ta gyaruwa, amma garantinta bai ƙare ba. Suka tura Kano, kamfani ya riƙe tsohuwar ya ba da wata. Iri ɗaya ce, ƙarfi ɗaya, launin ne kawai suka ba da wanda ya rage musu. Wa ke kuka don an musanya masa mataccen jaki da mai rai?

Da na karanta wasiƙarki na koma na ce a dawo mini da tsohuwar. Mai shago ya ce ta yi gaba, ko shi ba zai sake ganinta ba. Don haka ki kira Yaya Gwadabe kafin Juma'a ki gaya masa yadda aka yi, ga takardar shagon nan na haɗo miki. Ki kwantar da hankalinki, ba abin da zai faru.

A shafa mini kan Abdulrauf da Hindatu.
Naki, Faisal

Garki, Asabar

Zuwa ga Malam Faisal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, dalilin wannan takarda shi ne maganar kayan ƙanena marigayi Mika'ilu.

Jiya muka zauna yi wa kaya kuɗi. Abdulhakim, mai sayar da wayoyi a nan garin, ya juya tabulet ɗin ya ce lambar da ke bayanta ba ita ce ke jikin kwalinta ba, rubutun bayan ma ya fi ƙanƙanta. Ya ce in ta canji ce, da ƙyar ta yi rabin daraja, in kuwa jabu ce, shi ba ya saye. Ni ma da idona na ga ba ita ba ce. Sai a lokacin yayarka ta ce daga bayan labule kai ta ba wa.

Ba mu ce wani ya ci amana ba. Amma an fitar da kayan gado daga gida ba da saninmu ba, an dawo da wani, dukiyar maraya kuwa wuta ce. An nuna mini takardar shago. Takarda ba ta ƙin tawada. Ka dawo da ta asali, in kuma ba ta samuwa, sai mu bar wa alƙali ya duba.

Wassalam.
Gwadabe

Yalwawa, Dutse, Lahadi

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ni dai ban tashi da ita ba.

Me ya hana ki faɗa wa Yaya Gwadabe kafin ranar? Na san amsar, kunyarsa kike ji, amma ga shi kunyar ta jawo ana kallonmu kamar ɓarayi. Na karanta takardarsa raina ya ɓaci matuƙa. Wai bai ce an ci amana ba! To me ya ce?

Na zagaya wurin masu wayoyi da hotonta. Duk sun yarda ta kamfani ce, ba jabu ba. Sai dai dole in faɗa miki, Abdulhakim bai yi ƙarya ba a kan daraja. Wani dattijo cikinsu ya ce mini mai saye ba ya sayen labari, da ya ga lamba ba ta bi kwali ba zai karya farashi. Ban san haka ba lokacin da nake murna. Da ma na tambaye ki kafin in karɓa. Ki yafe mini.

Mai shagon ya yarda zai biyo ni Garki ranar Alhamis ya yi bayani, ko rantsuwa ce zai yi. Kafin nan kada ki amsa komai, kada ki sadaukar da komai. Ba ki ci na kowa ba.

Allah Ya fitar da mu kunya.
Faisal

Garki, Talata

Faisal,

Wa'alaikumus salam. Na yafe maka, dama ba ka yi mini komai ba.

Ba zan iya jin sunana a gaban alƙali ina cikin takaba ba. Jiya na aika wa Yaya Gwadabe cewa a sa wayar cikin tumunina a kuɗin sabuwa, na bar wa yara awakin da za su faɗo mini. Ya karɓa nan take. Na ɗauka na wanke kaina ke nan.

Da la'asar ina ɗaki na ji shi a tsakar gida yana ce wa 'yan'uwansa, "Ai da ba ta san abin da ta yi ba, da ba ta yarda da sauri haka ba." Ba wanda ya musa masa.

Kada ka wahalar da mai shagon. Babu sauran mai tambaya a gidan nan, kowa ya riga ya gama yanke hukuncinsa.

Ka gaida Mahbuba.
Lauratu