Hayaƙi a Kan Shanyata

Yaya,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan tari.

Hoton da ka gani gaskiya ne. Jiragen soja kan bi ta kanmu su saki wuta, hayaƙin ya baje a sama kamar fikafikai. Mutane na ɗaukar hoto, ni ina saman asibiti ina kwashe zannuwan gado, don toka na zuba a kansu. Jiya sau uku na sake wanki. Shugabarmu ta ce, "Ki koma shanya a ciki." Na ƙi.

Ka ce in dawo. Ba inda za ni. Hayaƙinsu minti biyar iska ta share shi, shanyata kuwa tana nan har la'asar.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka mai taurin kai