Malam, Ni Na Karɓi Zabin Nan

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce, uwar 'ya'yanka. Kana raye ban taɓa kama sunanka ba, ba kuwa yau zan fara a gaban jama'a ba.

Shekaranjiya jikarmu Hadiza ta dawo daga kasuwar Maƙarfi idanunta jawur. Wai wata mai tumatir ce ta tambaye ta 'yar wane gida ce, da ta faɗa sai matar ta ce, "Au, gidan Malam Zabi, wanda aka kora saboda cin hanci." Turawa sun tafi, kai ma ka tafi, wannan suna ya ƙi barin gidanmu. To, yau zan faɗi abin da ka hana ni faɗa.

A lokacin kai ne malamin duba auduga. Manomi ya kawo tasa, ka zura hannu ka ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a kan bakinka kuma ake saye. Kowa ya san yadda abokan aikinka suke yi. Wanda ya kai musu gaisuwa gida, audugarsa fara ce tas ko da ƙasa a cikinta. Kai ko goro ba ka karɓa a rumfarka. Har gori nake yi maka, matan sauran malamai suna ta sabuwar atamfa, ni ina fama da faci. Sai ka ce ai facin nawa ya fi kyau. Haushi yake ba ni, wallahi.

Sai na haifi Sani. Ana gobe suna wata mata ta shigo da zabi biyu a ɗaure, ta ce daga Nasarawan Doya take, barka ta zo. Ban san ta ba. Amma wa yake tambayar mai barka dalilinta, wa kuma yake mayar da kayan barka? Na karɓa, na sa mata albarka, aka dama mata fura. Ƙanenka ya yanka su tare da kaji, Gwaggo ta soya, ni da hannuna na zaɓar maka cinya. Ka ci har kana yaba yajin.

Ranar kasuwa mijin matar ya kawo audugarsa, ƙwari sun taɓa ta, ta yi ja. Ka ce lamba biyu. Ya matso kusa da kai yana tambaya ko zabin ba su iso gida ba. An ce ka dube shi, ka sake cewa lamba biyu.

A kakar nan ne hukuma ta sa aka yi shela cewa za a gyara kasuwannin auduga, duk wanda ya ba da hanci ya fito ya faɗa, ba abin da za a yi masa. Waɗanda suka bayar suka sami lamba ɗaya, me zai fito da su? Mutum ɗaya ne ya bayar bai samu ba, mijin mai zabin nan, shi ne kuwa ya je.

A gaban hakimi da Baturen da ya zo rangadi aka tambaye ka ko ka ci zabin, ka ce ka ci. Aka ce wa ya karɓa, ka ce abin da ya shiga gidanka kai ka karɓa. Ka san da ka ambace ni, dogari za a aiko ya fito da ni ƙofar fada da jariri a hannu, ban ko yi arba'in ba. Nan take aka sallame ka. Sauran kuwa suna rumfarsu har tsufa ya tashe su.

Ka shigo da la'asar, ka ɗauki Sani kana yi masa wasa. Na fashe da kuka, na ce bari in je in faɗa musu gaskiya. Ka ce, "Mai jego ba ta fita. Cinyar ma ai ni na ci." Ka yi dariya, ni ban yi ba. Washegari ka nemo zabi biyu ka kai Nasarawan Doya da ƙafa, ka dawo ka ɗauki fartanya, muka koma gonar gado a Dandamisa.

Mun yi faɗa ba adadi bayan nan, ka san bakina, amma ko sau ɗaya zancen zabi bai fito daga bakinka ba. Na so a ce ka yi mini tsawa ko da rana ɗaya ce, da na sami sauƙi. Duk sanda na tayar da maganar sai ka ce lokaci bai yi ba. Ina kewarka, Malam, har da wannan taurin kan naka.

Ka ce mai jego ba ta fita, na ji maganarka. Amma na yi arba'in tuni, Sani ma furfura ta cika masa kai. Ranar kasuwa mai zuwa Hadiza za ta riƙe mini hannu har rumfar mai tumatir. Idan dole a kira wani da sunan nan, ni za a kira.

Allah ya haskaka makwancinka, ya rufa maka asiri ranar gobe kamar yadda ka rufa mini. Ka yafe mini saɓa maka da zan yi.

Taka har abada,
wadda ta karɓi zabin.