Baka da Bindigar Zayyanu

Bodinga, Litinin

Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida A'isha da yara, da fatan ruwan bana bai kwantar muku da gero ba. Na kira ka har sau biyar, amma wayarku ta Mandera sai mutum ya hau tudu take shiga, shi ya sa na ba Tasi'u direba wannan takarda.

Shi Tasi'un ne ya ba ni labarin da ya hana ni taka keken ɗinki tun safe. Wai ya gan ka a kasuwar Shagari, a rumfar Haruna mai kayan farauta, kana tambayar bindigar iska da za ta dace da Zayyanu. Yaya, ɗan shekara bakwai! Na turo maka yaron nan hutu don ka gyara mini shi, tunda ubansa ya rasu ni kuma ya fi ƙarfina, ba don ka ba shi tukuici ba. Yaron da in ina masa magana sai ya karkace kai ya bi ni da harara ta gefen ido kamar ni sa'arsa ce. Na yi faɗa, na yi duka har hannuna ya gaji. Wannan za a ɗora wa bindiga a kafaɗa?

Don Allah ka bar maganar nan. Ka gaida shi, in zai amsa.

Ƙanwarka,
Bahijja

Mandera, Laraba

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya yi kai, tsuntsaye kuma sun ji labari kafin mu. Takardarki ta iso da zafinta, sai da na bari ta huce sannan na karanta.

Kin manta gidan da kika fito ne? A gidan Baba, yaro in ya kai bakwai kawunsa ke sare masa bakan fari. Haka aka yi mini, kina tsaye kina kuka wai ke ma sai an ba ki. Ba wuƙa ake miƙa wa yaro a juya baya ba. Na saro reshen itacen dargaza, na tsayar da Zayyanu na auna daga ƙasa zuwa haɓarsa na yanke. Tsirkiyar mai laushi ce, wadda zai ja har kuncinsa hannu bai yi rawa ba. Kiban kuwa karan kyauro ne zalla, ba ƙarfe a bakinsu, tsumma na ɗaure. Ko kaza ya samu, dariya za ta yi masa. Kuma bai samu ba, kwana uku yana harbin tsohuwar ƙwarya, kibiya na wucewa gefe, ina ta tsokanarsa.

Bindigar iska, biyu na gani wurin Haruna: doguwa mai nauyi, da gajera wadda yaro zai iya riƙewa. Ban saya ba tukuna, sai na kai shi an gwada a kafaɗarsa. In na saya, a ɗakina za ta kwana a kulle, harsashinta a aljihuna, ba zai taɓa ta ba sai ina tsaye a bayansa muna korar tsuntsu a gona. Hanya ba za ta gan ta ba, na san zamanin da muke ciki.

Yanzu ga abin da ya fi bindiga nauyi. Na isar masa da gaisuwarki. Da na ce hutu ya kusa ƙarewa sai ya ce, "Kawu, ni ba ni komawa Bodinga. Inna ba ta so na, ko kallonta niy yi sai ta buge ni." Bai yi kuka ba, ya faɗe ta kamar mai faɗin sunan gari. Wannan ya tsaya mini a rai, Bahijja. Ni ma yana mini kallon nan na gefe, amma ban ga raini a ciki ba. Ki yi tunani.

Allah ya shirya mana su.

Yayanki,
Bawa

Bodinga, Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Sannu da ƙoƙari, mako uku kacal har ka fi ni sanin ɗan da na haifa.

Wai ba na son sa! Wa ya sayar da awakinsa ya sa shi makaranta? Wa ke ɗinka masa rigar Sallah kafin ta masu biya? Kai ba ka ga abin da nake gani ba. A miƙa masa kofin kunu ya sa hannu ya ture. Ya bi ta kusa da keke ya yi gaba da zare da almakashi. In kira shi ina tsaye kusa da shi, ya yi kamar bai san da mutum ba sai ya juyo gaba ɗaya a hankali, yana wannan karkace kai. Malaminsu ya ce haka yake masa a aji, har ya mayar da shi bencin baya don rashin ladabi. Maƙwabta suna cewa ɗan da ba uba ne, uwa ta sangarta. Ni kuwa na rantse ba za a faɗi haka a kan ɗan marigayi Maniru ba, shi ya sa ban sassauta masa ba.

Maganar da ya faɗa maka ta ƙona ni, ba zan ɓoye ba. Na zauna gaban keke na yi kuka har mai kawo ɗinki ta koma da atamfarta. Shi kaɗai gare ni. In ka saya masa bindigar nan ka gama raba ni da shi, don wa zai bar gidan da ake ba shi bindiga ya dawo gidan da ake ba shi mari? Ka dawo mini da ɗana ranar da hutu ya ƙare, ko yana so ko ba ya so.

Ki gaida gida, A'isha, na san ke ma za ki karanta.

Bahijja

Shagari, ranar kasuwa

Bahijja,

Assalamu alaikum. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Yaro yana lafiya, yana nan kusa da ni yana cin ƙosai. A bakin rumfar Haruna nake rubuta wannan.

Ban ji maganarki ba, na kawo shi gwajin bindiga. Haruna ya ɗauko gajerar ba komai a cikinta, ya kafa masa a kafaɗar dama, ya ce ya rufe idon hagu ya saita bakinta da wani gwangwani. Haka ake gwada kowa. Zayyanu ya sauke bindigar ya dube ni ya ce, "Kawu, in na ruhe wanga, da mi za ni gani?" Na ce da ɗayan mana. Sai ya yi dariya, a zatonsa tsokanar tasa nake yi. Ya ce, "Wanga ai ba a gani da shi. Kai kana gani da naka?"

Na rufe masa idon hagu da hulata, na ɗaga yatsu a gabansa, bai san nawa ba ne. Haske kawai yake bambancewa da duhu. Na fito da shi rana na duba, can tsakiyar baƙin idon dama akwai fari-fari kamar ɗigon nono. Na tambaye shi ko wani abu ya taɓa samun idon. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Randa anka yi zaman makokin Babana, kara yat tsokane ni bayan gida. Inna na kuka, ban so in ƙara mata ba." Bai ma san wannan ne ya jawo ba. Gani ya tafi masa a hankali, shi kuma ya ɗauka haka Allah ya yi kowa.

Ba harara ba ce, ƙanwata. Juyo da idon da ke gani yake yi don ya gan ki da kyau.

Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Ni da nake taƙama da idon maharbi, kwana nawa ina masa dariya yana kuskuren ƙwarya? Na kai shi wurin wani ma'aikacin lafiya a nan, ya ce a kai shi asibitin ido a Sakkwato kada a ƙara mako. Ya ce irin wannan farin ana cire shi, amma an daɗe, ba zai yi mana alkawari ba.

Bindiga na mayar wa Haruna. Harsashinta yakan bugi dutse ya dawo, mai ido ɗaya ba ya wannan caca. Bakan ma zan rataye shi sama har mu ji ta bakin likita. Da na gaya masa sai ya fashe da kuka, yana tambaya wane laifi ya yi kuma. Na ce za mu Sakkwato, ya ce da wa? Na ce da Innarsa.

Ina jiran ki. Allah ya sa a dace.

Bawa

Bodinga, Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ka yafe mini shirun kwana biyu.

Abu ɗaya nake ta juyawa. Duk marin da na yi masa da hannun dama na yi, a kuncinsa na hagu yake sauka, dab da idon da ya rage masa. Shekara biyu, tun rasuwar ubansa.

Na rufe shago. Gobe zan shigo motar Tasi'u ta farko, daga nan mu wuce Sakkwato. Kada ka ce masa ya gaishe ni, kada ka ce ya yi haƙuri. Ka zaunar da shi yadda ƙofar gida za ta zama ta hagunsa, ya gan ni tun ina shigowa. In ya tashi ya gudu, kada ka riƙe shi.

Ƙanwarka,
Bahijja