Sun Kankare Baƙin Mai, Yaya

Zuwa ga Yaya Mutari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To, da kana raye ma, yaushe ka taɓa tsayawa ka ji maganata har ƙarshe? Yau dai ba ka da bakin katse ni. Da ajami nake rubutawa, ɗan abin da na tsinta a makarantar allo kafin ka cire ni ka ɗora ni bayan mota. In hannun ya karkace, ka san wanda ya jawo.

Mutanen gida lafiya. Matarka Hajiya Mariyama tana nan, sai ciwon gwiwa. Gonarmu ta Gangara ta ba da gero bara, ba yabo ba fallasa. Amma ba gero ya zaunar da ni ba. Maganar garaj ce.

Ɗanka Lawali ya gyara garaj. Haka suke cewa, wai gyara. Ya zo daga Damagaram da magini da buhunan siminti, bai ko leƙo ɗakina ya ce Baba Habu ga abin da na yi niyya ba. Me zai sa ya leƙo? Kai ka ba shi wurin a gadon asibiti, a gaban mutane, ina tsaye a bakin ƙofa. Ni da na kwaɓa ƙasar ginin nan da ƙafata. Ni da muka ɗauko azarar giginya tare daga kudu, kana tuƙi ina bisa kaya rana na gasa ni har Tanut. Na tsufa ina karen motarka, ba ka taɓa bari na riƙe sitiyari ba ko daga tasha zuwa gida. Ban ce komai ba. Amma garaj, Yaya? Ko kusurwa ɗaya?

In ka ga wurin yanzu ba za ka gane shi ba. An cike ramin da nake shiga in duba cikin mota. An shimfiɗa karo a daɓe, wato tayil, fari fat, irin na asibiti, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. An buga kantoci na katako jikin bango daga ƙasa har sama, an jera sifanoninka a kai, kowanne an manna masa takarda da sunansa da Faransanci. Sifanar da nake ganewa da yatsa ko ido rufe, yau sai an karanta ta! An ɗora faifan sola bisa soro, an rataya ƙwayayen fitila dogaye masu kashe ido. Maƙwabta suna ta shigowa kallo suna sa albarka.

Duk wannan ba komai. Ga inda aka yi ɓarna.

Ka tuna abin da muke yi kowace shekara kafin ruwa ya sauka? Baƙin man da muka juye daga inji ba ma zubar da shi. Mu tara a jarka, mu bi gindin bango da shi zagaye, mu shafe bakin kowace azara inda ta shiga ƙasa. Kai ka koya mini, ka ce gara ba ta ƙetare baƙin mai. Gidajen unguwar nan nawa gara ta ci rufinsu, namu yana tsaye? Bayan ka sayar da mota, bayan ka tafi ma, ban fasa ba. Nakan je tasha in roƙi makanikai su tara mini, in ɗauko a ka. Matar Lawali ta taɓa ganina ina zubawa, ta je tana faɗa wa mata wai tsoho yana tsafi a garaj. Na ji. Ni zan tsaya yi wa suruka bayani?

To, maginin Lawali ya dubi ƙasar nan baƙa ƙirin ya ce ƙazanta ce, siminti ba zai kama ba. Kwana uku suna haƙa suna lodawa a amalanke suna kaiwa bayan gari. Suka kankare bango har suka tarar da jar ƙasa. Bakin azara ma suka goge, suka shafa farin fenti.

Ina zaune a kan tabarmata a ƙofar gida ina kallo, Yaya. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san sunana. Ban buɗe baki ba. Na ce a raina tunda ba a tambaye ni ba, su je su gani. Rana ta biyu Lawali ya wuce ta gabana, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce yaya na ga aikin. Na ce masa aiki ya yi kyau. Da bakina na faɗa.

Kuma kar ka kwanta can kana ganin laifina ni kaɗai. Wa ya hana yaron nan sanin garaj? Ba kai ne ka ce ɗanka ba zai taɓa sifana ba, lakkol zai yi, karatun boko, ya zauna a ofis? Ranar da ka same shi cikin rami tare da ni, hannunsa duk mai, ba marinsa ka yi ba, ni kuma ka zage ni a gaban direbobi? Ka ba shi wuri ba ka ba shi sanin wurin ba. Ni ka bar mini sanin, ka hana ni wurin. Wace irin rabawa ce wannan?

Shekaran jiya na shiga, karo na farko tun da aka gama, watanni ke nan. Ba don marmari ba, akuyata ce ta faɗa ciki. Fitilun suna kunne. Ka san idona ya yi rauni, amma dole in faɗi gaskiya ko ba na so: hasken nan ya nuna mini abin da a da sai na lalube. Hanyar gara ce, ja, siririya, ta fito ta bayan kantar katako ta miƙe sama. Na danna katakon da babban yatsa, ya shige kamar gurasa. Na ɗaga sandata na ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta amsa da ƙarfi. Ta biyu haka. Ta uku, wadda ke tsakiya, ta yi mini amo irin na ƙwaryar da ba komai ciki, gari ya zubo mini a hula.

Ga soron ƙasa da nauyinsa, ga faifan sola an ƙara masa, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kuma ka san su wa ke wuni a ƙarƙashin azarar nan? Jikokinka. Wurin ya fi ko'ina sanyi da haske, nan suke baje littattafansu a kan karo. Hajiya ma nan take kai tabarmarta da azahar ta miƙe ƙafa.

Na kori yaran da sanda. Na ja ƙofa na sa kwaɗona na tsohon akwati, mabuɗin yana cikin aljihuna yanzu haka. Gidan ya kaure. Matar Lawali ta buga masa waya tana kuka wai baƙin ciki ya haukata tsoho. Hajiya ta aiko a gaya mini in ji tsoron Allah, wai tun kana raye haka nake, zuciya kamar dutse. Su faɗa. Ba mai shiga.

Lawali zai zo Jumma'a. Zan kama hannunsa in ba shi sandar ya ƙwanƙwasa da kansa. Zan gaya masa a sauke azarar nan, a fasa karo ta gindin bango, a zuba baƙin mai ko matarsa za ta suma. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar, zai tambaye ni yaushe na sani. Yaron nan ba wawa ba ne, idonka gare shi. Kwana biyu ina neman ƙaryar da zan yi masa, ban samu wadda za ta zauna ba.

Gaskiya zan faɗa masa. Tun ranar da suka sa diga na sani. Na yi shiru ne don ina faɗa da ubansa, ubansa kuwa yana ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa, saura kaɗan 'ya'yan Lawali su biya. Da furfurata zan tsaya gaban yaron da na goya in ce ya yafe mini. Kai ko sau ɗaya ba ka taɓa ce mini haka ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka. Ina yi maka wannan addu'a bayan kowace salla, ban taɓa tsallakewa ba. Amma tawa yafiyar ka ɗan jira, sai na ga yadda Jumma'a ta ƙare.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka Habu, wanda bai huce ba tukuna.