Tabarmar Inna da Gas Ɗinku Sau Uku

Zuwa ga Manajan shagon da ya sayar mini da iyakwandishan a Kontagora,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya kasuwa, ya kuma wannan zafi da muke ciki? Na san kai da sauƙi. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, amma sanyin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarka bai taɓa fita ba. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban ambaci sunan shagon ba, ka san kanka.

Ni malamin firamare ne, kuma ba don kaina na sayi na'urar nan ba, ni da mafici mun saba. Mahaifiyata na saya wa. Inna ta haura saba'in, a ruga ta yi rayuwarta duka, can wajen Bobi. Da daji ya lalace, sai da na yi wata biyu ina roƙo kafin ta yarda ta dawo gari. Sharaɗinta ɗaya: ba za ta zauna a ɗakin kwano ana gasa ta ba. In zafi ya ishe ta gida za ta koma, ko me ke cikin dajin. Inna kuwa ba ta magana biyu.

Na ɗaya. Ma'aikatanka sun kafa injin waje a bangon yamma, inda rana ke duka har magariba. Suka miƙo mini rimot da rasit da takardar garanti, suka sha furar Inna, suka tafi. Ba wanda ya gaya wa mutan gidan ga abin da ake yi, ga wanda ba a yi.

Na biyu. Bayan sati biyu na'urar ta canza hali. Ta yi sanyi rabin awa, sai ta koma hura iska mai ɗumi. Ban yi saurin zarginku ba. Na cire ragar ciki na wanke ƙura. Na canza batirin rimot. Na busa bututun da ruwa ke fita, na sha abin da ke ciki. Aka ce wutar unguwarmu ce ba ƙarfi, na sayo sitabilaiza. Duk a banza.

Na uku. Sau uku ka turo mai gyara. Kowannensu tun daga bakin ƙofa, kafin ya sauka daga babur, ya san ciwon: gas ya ƙare. Ya zagaya baya, ya ɗura, ɗaki ya yi sanyi, mu yi godiya. Kafin ya kai bakin titi zafi ya dawo. Na tambayi na ukun ta ina gas ɗin ke fita, ya ce haka gas yake, ba ya son bazara.

Na huɗu. Ran nan aka tashe mu makaranta da wuri, na zagaya bayan ɗaki. Me zan gani? Injin waje lulluɓe da tabarmar kaba, an ɗaure ta tam da igiya, irin ɗaurin da ko bijimi ba ya kwancewa. Na tambayi Inna. Ta ce ba za ta zuba ido kayan ɗanta mai tsada na tsaye cikin rana ba, ko ɗan maraƙi ana nema masa inuwa. In kuma ta ji masu gyara za su zo, sai ta kwance ta goge injin tas, kada a ce mutanen daji ba su iya riƙe kaya ba. Suna fita ta mayar. Wallahi ban iya yi mata faɗa ba, hawaye ne ma suka zo mini.

Na biyar. Kwana biyu bayan nan na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. Wani dattijo mai gyaran firji a layinmu ya duba, ya ce kwamfuresa, wato zuciyar injin waje, ta ƙone: ba ta samun iska, ga gas an danƙara mata fiye da cikinta, alhali babu inda yake yoyo. Na kawo takardar garanti shagonka, aka ce garanti bai shafi tabarma ba.

Ranka ya daɗe, laifi tudu ne. Tabarma tamu ce, na amsa. Amma gas ɗin naku ne, sau uku. Da mutum ɗaya cikin ukun ya tsuguna ya tambayi tsohuwar da ke wuni da na'urar, da ta gaya masa komai, har da inda ta sayo igiyar.

Buƙatuna su ne: ku canza kwamfuresar cikin wannan satin. Ku mayar da injin bangon da ke da inuwa. Duk gidan da kuka kafa wa, ku faɗa da Hausa, a gaban kowa, cewa injin waje iska yake sha, ba a rufe shi. Sannan a koya wa masu gyaranka wata kalma bayan gas.

Na ce cikin satin nan ne saboda Inna ta riga ta yi magana da direban da ke zuwa Bobi ranar kasuwa. Ta ce ita ta kashe mini kaya, ba za ta ƙara zama mini nauyi ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, don na san dajin da za ta koma. Tabarmar kuwa ba za ta sake damunku ba. Inna ta naɗe ta, tana jingine da ƙullin kayanta a bakin ƙofa.

Allah ya ƙara buɗi, ya ja da ran iyayenka in suna raye, ya sa suna ɗaki mai sanyi.

Wassalam.

Malam Sa'idu, ɗan Inna,
Kontagora.