Jitar Malam George

Tudun Wada, Zariya,
Ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Suzana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Jos? Mu nan muna cikin alherin Ubangiji.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Babanki kunnen mawaƙi gare shi, ko a madafi na yi raɗa sai ya jiyo daga falo, shi ya sa na rubuta na ba direban da ke zuwa garinku.

Maganar dai ta kullum ce, shi da ƙanenki Wisdom a kan jita. Kin san dokar babanki Malam George tun da ya fara riƙe mawaƙan cocinmu, ke ma kin sha rula a yatsu kafin ki gudu: wanda ya yi kuskure, ko a baitin ƙarshe ne, sai ya koma farkon waƙa. Shi a wurinsa kiɗa tsabta ne, kowane sauti a mazauninsa yadda aka rubuta. Wisdom kuwa, da hannun nan ya koya masa, yanzu sai ya rufe ido ya ja tsirkiya ta yi kamar mutum na kuka, ya tsaya inda ba a ce a tsaya ba. Matasa suna sonsa, mu ma 'yan zumuntar mata ba zan ɓoye miki ba. Babanki ya ce wannan dabarar malalaci ce da ya ƙi gyara yatsunsa. Wisdom ya ce kiɗan Baba kamar ɗaki ne da aka share tas amma ba mai kwana a ciki. A gaban tuwo ya faɗa, ranar ni kaɗai na ci.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Malam Nagoda, abokin babanki tun suna samarin mawaƙa, ya rasu shekaranjiya. Iyalinsa sun roƙa a yi masa waƙar bankwana da jita kaɗai ranar Asabar. Wisdom ya nemi a bar masa, babanki ya ce ba za a yi wa abokinsa wasan kwaikwayo a kan gawa ba, shi zai kaɗa.

Suzana, hannunsa na dama ba daidai yake ba. Na daɗe ina gani. In ya ɗauki kofi sai shayi ya zube, kuma ya daina sa riga mai maɓalli, wai zafi. Ban yi masa magana ba, kin san halin babanki. Ga kuma wasu masu situdiyo a Abuja suna ta kiran Wisdom aiki, yana ƙi saboda mu. Tsorona kada mutanen nan biyu su rabu da ɓacin rai.

Ki gaishe da mutanen gida. Ki sa mu a addu'a.

Mamarki,
Saratu.

Tudun Wada, Zariya,
Ranar Laraba.

'Yata Suzana,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ku lafiya. Na ji jikata ta yi zazzaɓi, yaya jikin nata? Allah ya ƙara sauƙi.

An binne Malam Nagoda. Coci ya cika har waje, maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo sun zauna a rumfa. Da lokaci ya yi babanki ya fito da farar babbar rigarsa, ya zauna kusa da akwatin, ya ɗora jitar a cinya. Baitin farko ya fita sumul, har na saki numfashi. A na biyu yatsansa ya zame ya bugi wata tsirkiya. Na rantse miki rabin mutanen ba su lura ba, da ya wuce shi ke nan. Amma Malam George ne. Ya tsaya cak, ya koma farko, kamar yadda yake sa yara. Ya zo daidai wurin, hannun ya sake ƙi. Ya sake komawa. Wannan karon kiɗan yana fita a hankali, yana rawa, yana yankewa, shi kuma gumi na zuba a kan rigar. Sai matar mamacin ta fashe da kuka, coci gaba ɗaya ya ɗauka. Su a ganinsu baƙin cikin aboki ne ya hana shi wuce baitin. Ni kaɗai na san da hannunsa yake kokawa.

Da aka fito mutane suka yi masa caa. Wannan ya ce bai taɓa jin kiɗa ya shiga jikinsa haka ba, wancan ya ce ashe Malam ya iya sa mutane kuka yake ɓoyewa. Har Rabaran ya riƙe hannunsa yana yabo. Ina kallon fuskarsa, kowane yabo kamar mari yake sauka.

A gida Wisdom ya ƙarasa ɓarnar, kuma da zuciya ɗaya ya yi, idonsa jawur. Ya durƙusa ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin Baba ya yi kiɗa irin na yau ba, abin da yake ta faɗa ke nan, yau Baba ya bar zuciyarsa ta yi magana. Babanki ya miƙe tsaye. Ya ce wato sai ranar da ya ji kunya a gaban duniya, ya kasa ba abokinsa waƙa ɗaya mai tsabta, ranar ce ya burge ɗansa. Ya ce ya tashi ya ba shi wuri, kuma kada ya sake taɓa jita a gidan nan. Yaron ya fita bai san laifinsa ba. Tun ranar yana kwana wurin abokinsa a Tudun Jukun, kuma ya amsa wa mutanen Abuja.

Litinin na ja babanki asibiti da ƙyar. Likita ya ce ciwon rawar jiki ne, magani zai rage amma ba zai mayar da hannun yadda yake ba. Ke kin fi ni sanin wannan. A hanya ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Wisdom ba, wai ba ya son tausayin yaro. Na yi alkawarin, yana ci mini rai. Ke ma kada ki faɗa.

Jitar tana cikin jakarta a kan kabad. Gidan ya yi shiru, har maƙwabciyarmu Hajiya Maijidda ta leƙo ta katanga tana tambaya ko Malam ya yi tafiya.

Ki gaishe da maigidanki.

Taki,
Mama.

Tudun Wada, Zariya,
Ranar Juma'a.

Suzana 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Maganin da kika aiko ya iso, babanki yana godiya ko da yake bai faɗa ba.

Na ce kada ki faɗa, kin faɗa. Ba ki taɓa jin maganata ba tun kina ƙarama, wannan karon Allah ya yi miki albarka.

Wisdom ya zo Lahadi bayan sujada. Bai ce komai a kan ciwon ba, ya gaishe da babansa, ya hau kujera ya sauko da jitar ba tare da neman izini ba. Ya zauna baya a miƙe, ido a buɗe, ya kaɗa waƙar Malam Nagoda daga farko har ƙarshe yadda babanki ke koyarwa, ba ƙari ba ragi. Ashe duk kwanakin nan a Tudun Jukun ita yake gogewa da jitar aro. Babanki ya saurara kansa a ƙasa. Da aka gama ya ce ba kuskure, ya ce ya tafi da jitar, tasa ce. Wisdom ya yi masa alkawari daga yau haka zai riƙa kiɗa, ya bar wancan shirmen. Na shiga madafi na yi kukan murna, na ɗauka an gama.

Da yamma ina tsince shinkafa babanki ya zo ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya ce ya saurari waƙar tsaf, ya ji kansa a ciki amma bai ji ɗansa ba. Ya ce da, in yaron yana kaɗa nasa irin a ɗaki, shi yakan ajiye jarida ya kasa kunne, ba don neman kuskure ba. Wai in gaya wa Wisdom kada ya bar nasa salon, amma kada in ce daga wurinsa ta fito. Na ƙi. Na ce na gaji da ɗaukar saƙo tsakanin mutum da ɗansa, kuma daga bakina yaron ba zai yarda ba, zai ce lallashin uwa ne. Ya ce to, zai faɗa da kansa. Litinin bai faɗa ba, Talata ma haka.

Jiya muka raka Wisdom tashar mota ta Kwangila, zai tafi Abuja. Mota ta cika, Wisdom yana gefen taga da jitar tsakanin ƙafafunsa. Na zunguri babanki. Ya matsa ya dafa tagar, hannun yana ta rawa a kan ƙarfen bai ɓoye ba. Ya buɗe baki, ya daɗe. Sai na ji yana cewa ya riƙa ajiye babban yatsansa a bayan wuyan jita, kada ya bari ya leƙo sama. Wisdom ya ce to Baba. Direba ya ja mota.

A cikin keke muna dawowa, da muka kusa gida sai babanki ya juyo gare ni. Ya ce mini, Saratu, ba abin da na je faɗa ba ke nan. Na ce na sani.

Yau tun safe wayarsa tana hannunsa, ya kasa danna lambar Wisdom, kuma ya hana ni in danna masa.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ubangiji ya tsare mini ku.

Mamarki mai ƙaunarki,
Saratu George.